Rana gare mu, ruwa gare mu, gas gare mu: me ya hana mu wuta?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a, ya sanyi? Wata magana ce ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani. Ni tela ne, shagona na nan Jos wajen Taminus, kekuna huɗu da injin surfani guda. Jiya da daddare na zauna da littafin da nake rubuta kuɗin da ke fita, sai na tarar man da janareto ya sha a wata ukun nan ya fi kuɗin hayar shagon na shekara. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Yara biyu na sallama a shagon, ba don sun yi laifi ba.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, na ji a rediyo Habasha ta buɗe dam ɗinta na kogin Nilu a Satumbar 2025, wai megawat 5,150. Dam ɗaya tak ya fi abin da mu mutum sama da miliyan 200 muke rabawa a yawancin ranaku. Habasha fa ba ta da mai kamar mu. Don Allah masu ilimi, me waɗannan ƙasashe suka yi da mu ba mu yi ba? Kuma mu haƙura da fetur ne kowa ya koma sola?

Injiniya Bukuru:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya dawo maka da yaranka shago. Lissafinka daidai ne. Tashoshin da muka kafa, in ka tara ƙarfinsu a takarda, sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isowa kan waya yana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000. Yawancinsa daga iskar gas ne, ragowar daga Kainji da Jebba da Shiroro, sai Zungeru da ta shigo a baya-bayan nan da 700.

Habasha ta soma ginin nan ne a 2011, shekara 14 ke nan kafin a buɗe. Masu ba da bashi na waje sun ja baya saboda rigimar ruwa da Masar, sai suka koma cikin gida. Ma'aikaci ya ba da albashin wata, ɗan kasuwa ya sayi takardar lamuni, na ƙetare ya aiko. Shugabanni sun sauya, an yi yaƙi a ƙasar ma, amma ba a daina zuba kankare ba. Mu kuwa dam ɗin Mambila a Taraba, megawat 3,050, sama da shekara 40 ana maganarta. In ka tambaye ni, a nan bambancin yake: su sun riƙe abu ɗaya har ya nuna, mu kowace gwamnati da sabuwar tukunyarta.

Amma kada a ɗauka Habasha ta gama. Kusan rabin mutanenta har yanzu ba su da wuta a gida, domin dam daban, wayar da za ta kai ƙauye daban.

Baba Mai Kuza:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, jikana ne yake rubuta mini. Kuna ta ambaton Habasha, ga abu a bayan gidanku. Tun 1929 kamfanin NESCO yake samar da wuta daga ruwan Kurra a ƙasar Barikin Ladi, saboda injinan haƙar kuza. Kainji sai 1968 ta zo. Mahaifina lebura ne a bariki, ni ma a nan na tashi. Na ga manyan injinan nan masu kwasar ƙasa suna aiki dare da rana, ba da man dizal ba, da ruwan da ke gangarowa daga dutse. Ƙwan fitila a ƙofar ofishin bariki ba na tuna ranar da na gan shi a mace. Ba wani babban dam ba ne mai cinye garuruwa, 'yan ƙananan madatsu ne da bututu. Tudun nan namu duk inda ka juya ruwa faɗowa yake yi, ku je Assop ku gani da damina. Ban ce zai ishi Najeriya ba, amma zai ishi wani abu.

Ɗan Gangare:
Allah ya ƙara girma da lafiya, Baba. Wallahi a Jos aka haife ni, amma ban san abin ya kai shekarun nan ba.

Mai Sola Ahmadu Bello Way:
Ranka ya daɗe Injiniya, ina girmama iliminka, amma ni ban yarda mu zauna jiran Mambila ba. Jiran nan ne ya cinye mu. Ku dubi Pakistan: wuta ta yi tsada, ba ta samuwa, mutane ba su jira kowa ba. A 2024 kaɗai sun shigo da farantan sola na wajen megawat 17,000 daga Sin. Manomi ya ɗora a gona, mai masaƙa ya ɗora a rufin masana'anta. Sin ke ƙera sama da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya, shi ya sa farashin ya faɗi warwas.

Kuma Jos gari ne na sola, mutane ba su sani ba. Faranti haske yake so, ba zafi ba. In ya ɗau zafi sosai ƙarfinsa raguwa yake yi, don haka sanyin nan da muke kuka da shi taimakonsa yake. Matsalarmu biyu ce: hadarin Yuli da Agusta, da ƙurar hunturu. Makon jiya na hau rufin wani gida a Rikkos, maigidan yana cewa inbatarsa ta lalace. Na sa yatsa a kan farantin, na rubuta sunana ɓaro-ɓaro a cikin ƙura. Bokitin ruwa ɗaya da tsumma, caji ya dawo. Malam tela, kekunanka ba su da ci, in ban da dutsen guga da rana za ta riƙe ka.

Injiniya Bukuru:
Ƙanena, na ji daɗi da ka kawo Pakistan, amma ka tsaya a rabin labari. Wa ya sa solar? Mai hali. Da masu hali suka janye daga layin gwamnati, bashin tashoshin da aka riga aka gina bai janye ba. Sai aka raba shi a kan waɗanda suka rage, wato marasa kuɗin sayen faranti da batir, wuta ta ƙara musu tsada. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane yunit, da alƙawarin awa 20 a rana, manyan gidaje da otal-otal da dama sun soma lissafin ficewa. In duk mai iya biya ya fice, wa zai riƙe taransifomar unguwa?

Ba ina ƙin sola ba ne, a gidana ma akwai. Abin da nake cewa, kowa-tasa-ta-fisshe-shi ba manufar ƙasa ba ce. Mai walda a Dilimi, mai injin niƙa a Katako, masana'antar da muke so ta ɗauki yaranmu aiki, waɗannan wuta mai nauyi suke buƙata, wadda batirin gida ba zai ɗauka ba sai da kuɗin da ba su da shi.

Ga yadda ƙasa ke yin sola in da gaske take. Maroko ba ta da mai, kusan duk makamashinta sayowa take yi. Ta gina tashar Noor a Warzazat, megawat 580, kashin farko ya soma aiki a 2016. Masar ta yi Benban kusa da Aswan, wajen megawat 1,500, ta shimfiɗa fili ɗaya, ta ja waya, ta kira kamfanoni da yawa kowa ya ɗauki yanki. Mu ma a 2016 ɗin nan kamfanoni 14 suka sa hannu za su gina sama da megawat 1,000 na sola, yawanci a Arewa. Aka tsaya jayayya kan farashi da kuma wa zai tsaya musu in ba a biya su ba. Har yau shiru. Abin da muka iya nunawa a kan babban layi shi ne megawat 10 na Kumbotso a Kano da aka buɗe a Janairun 2023.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa tun ɗazu, ku yi haƙuri yayyena, amma duk maganar ƙwan fitila da injin kuke yi. Ba wanda ya ambaci murhu. A gidajenmu abin da aka fi ƙonawa ba fetur ba ne, itace ne da gawayi, kuma mu mata muke shaƙar hayaƙin. Na yi shekara uku ina girki da gas, da ya yi tsada na ajiye tukunyar a ƙarƙashin gado na koma kurfoti. Wake kam ba a ma maganar dafa shi da gas yanzu. Ƙanwata da ke aure a Unguwar Rogo, hunturun bara ta shigar da kurfoti ɗaki saboda jaririnta, ta rufe ƙofa da taga. Allah ne ya sa mijin ya dawo da wuri, ya same su ita da yaron jiki ya saki. Kwana biyu suka yi a asibiti. Don Allah duk wadda ke karanta wannan, kada ki kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa ba ya wari, ba ya gargaɗi.

Tambayata, akwai ƙasar da ta taɓa tunawa da kicin a cikin manufarta? Don ina jin ana cewa muna ƙona gas a banza a sararin sama a yankin Neja Delta, mu kuma muna nan muna hura wuta da baki.

Ɗalibar Naraguta:
Sannu Anti, Allah ya ƙara kiyayewa, ya raya yaron. Akwai. Indunisiya a 2007 ta ga tallafin kananzir yana cinye mata kuɗi, sai ta raba wa gidaje murhun gas da ƙaramar tukunya mai kilo 3 kyauta. Hikimar tana cikin ƙanƙantar tukunyar: mace na iya cika ta da kuɗin cefanen yini, ba sai ta jira ƙarshen wata ba. Miliyoyin gidaje sun bar kananzir cikin 'yan shekaru. Sai dai yanzu tallafin gas ɗin ya zame musu nauyi, har shigo da shi suke yi daga waje. Indiya ma a 2016 ta soma ba mata marasa ƙarfi gas da sunan matar gida, ba na miji ba. An samu da yawa sun karɓa, amma da tukunyar ta ƙare kuɗin sake cikawa ya gagara, suka koma itace. Daidai labarinki ke nan, Anti.

Shi ya sa ni ina ganin mu a nan gas ba abin gudu ba ne tukuna, ko da yake shi ma daga ƙasa ake haƙo shi kamar fetur. Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, kuma tsarin da aka fitar a 2022 ya ɗauki gas a matsayin gadar da za a bi kafin a kai can. In gas ya shiga kicin, dajin da ake sarewa ana loda buhunan gawayi a hanyar Bauchi da ta Akwanga zai samu sauƙi, ƙirjin iyayenmu ma haka.

Ɗan Maraɗi Katako:
Gaisuwa ga manya. Ni baƙonku ne, shekara 18 ina sayar da hatsi a Katako. Ina so in ce wani abu kan nukiliya, don na ji matasa suna cewa a yi irin na Faransa. Gaskiya ne, bayan tashin farashin mai na 1973 Faransa ta yanke shawara a 1974, ta gina injinan nukiliya sama da 50, yau wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan ne. Amma ku tambaye mu ina wani ɓangare na yuraniyom ɗin ya fito. Daga Arlit a ƙasarmu Nijar, ana haƙa tun 1971. Su mahaƙan kansu da wutar kwal ta Tchirozerine suke aiki. Mu kuwa a Maraɗi da Yamai kafin 2023 yawancin wutarmu daga Najeriya take zuwa, wajen kashi 70. Da aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, har zuwa Maris na 2024, mahaifiyata ta kira ni tana cewa maganinta da ake ajiyewa a firji ya lalace. Abin da na koya, arzikin da ke ƙarƙashin ƙafarka ba naka ba ne sai ranar da ka iya sarrafa shi da hannunka.

Baba Mai Kuza:
Ɗana, ka taɓa mini inda ke ciwo. Kuzar da muka haƙa jirgin ƙasa ya kwashe, mu aka bar mu da ramuka. Jikana ya ce da ita ake liƙa wayoyin cikin farantin sola da na waya. Yanzu kuma ina jin ana rububin dutsen batir a Nasarawa. A kula, kada a sake barin jikokinmu da kududdufai.

Injiniya Bukuru:
Amin Baba. Kan nukiliya, muna da ƙaramar na'urar bincike a Zariya tun 2004, da masana da suka san aikin. Amma tashar wuta wani abu ne daban. Ita kanta Faransa sabon injinta na Flamanville an soma shi a 2007, sai Disambar 2024 ya hau layi. Sannan injin nukiliya guda yakan haura megawat 1,000. Ka ɗora shi a kan layin da duka-duka 5,000 yake ɗauka, ranar da ya tsaya ba zato, ƙasar gaba ɗaya za ta faɗi da shi. Jamus kuma ta bi ta wata hanyar, ta rufe tashoshin nukiliyarta uku na ƙarshe a Afrilun 2023, sama da rabin wutarta yanzu daga iska da rana da makamantansu ne. Amma da gas ɗin Rasha ya yanke a 2022 sai da ta sake kunna wasu tashoshin kwal, kuma wutarsu na cikin mafi tsada a Turai. Mai kuɗi ne ke iya ɗaukar irin wannan kuskuren ya miƙe.

Bari in dawo kan waya, domin ita ce ba a son magana a kanta, ba ta da daɗin yanke kyalle. Kun tuna Oktoban 2024? Layin Shiroro zuwa Kaduna an lalata shi, na Ugwuaji zuwa Apir da ke biyowa ta Makurɗi ya hau mana nan Jos shi ma ya faɗi, Arewa ta yi sama da mako a duhu. A lokacin Shiroro ba ta ƙafe ba, tashoshin gas na Kudu ba su mutu ba. Hanya ce babu. Kenya ta sha irin wannan: ta gama fankokin iska 365 a tafkin Turkana, megawat 310, suka tsaya sama da shekara suna jiran a gama ja musu waya, ana biyan kamfanin kuɗin wutar da ba wanda ya sha. Sun gyara, yau wajen kashi 90 na wutar Kenya ba daga mai ba ne, mafi yawa daga tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria da ruwa da iska. Masar da kamfanin Siemens sun sa hannu a 2015, zuwa 2018 sun gama tashoshin gas uku, megawat 14,400. Mu ma mun sa hannu da kamfanin a 2019, burin shi ne 25,000 a 2025. Ku duba inda muke.

Mai Sola Ahmadu Bello Way:
To ai Yallaɓai ka dawo kan maganata da kanka. A makon duhun nan wa ya ga haske a Jos? Wanda ke da faranti a rufi. Layi dogo ɗaya daga Kudu, ɓarawo ɗaya ya sare turke ɗaya, jihohi su mutu. Wutar da aka samar kusa da mai shan ta ba ta da wannan raunin.

Injiniya Bukuru:
A nan kam na ba ka gaskiya. Inda muka rabu kawai, kai kana cewa kowane gida, ni ina cewa kowace kasuwa, kowace unguwa, kowace jiha. Dokar wuta ta Yunin 2023 ta ba jihohi ikon samarwa da rabawa da kansu, kuma Filato na cikin waɗanda suka karɓa. Ruwan da Baba ya faɗa ya ba da wuta da daddare da damina, sola ta bayar da rani, gas ya cike giɓi in bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya kammala. Amma sai an sa wa kowa mita, kuma sai kowa ya biya, har ofisoshin gwamnati. Wutar da ba a biya ba ita ce ke hana mai tashar sayen gas gobe.

Manomin Lamingo:
Ku gafarce ni, ina gona sai yanzu na duba waya. Ni kabeji da karas da latas nake yi da rani, daga tsohon ramin kuza muke jan ruwa, irin waɗanda Baba ya ce an bar su da su. Da fetur ya tashi na mayar da injin ban-ruwana kan tukunyar gas, kamar yadda yawancinmu suka yi. Ya rage kashe kuɗi, amma tiyon yakan yi yoyo, kullum gabana na faɗuwa in yaro ya matso. Bana mu biyar muka haɗa kuɗi muka sayi famfon sola guda, ba batir, rana ta fito ya tashi, ta faɗi ya kwanta. Muna karɓa-karɓa, kowa da ranarsa. Ƙarfinsa bai kai na injin ba da sassafe, sai wajen ƙarfe goma yake cika tiyo. Amma tun Nuwamba ban sayi lita ɗaya ba. Damuwarmu ɓarayi, dole kullum da yamma mu kwance farantan mu ɗora a amalanke zuwa gida. Abin da ya rage mana shi ne ɗakin sanyi a Farin Gada, don tumatir da latas ɗin da ke ruɓewa kafin motar Kudu ta zo ya fi abin da mai ke ci mana.

Ɗan Gangare:
Malam Manomi, maganarka ta ba ni wata shawara. A layinmu shaguna bakwai ne, teloli biyar, mai aski ɗaya, mai cajin waya ɗaya, kowa da janaretonsa a bakin ƙofa, ba ma jin maganar juna sai da ihu. Rufin kuwa ɗaya ne, kwano mai tsawo yana kallon kudu. Gobe bayan azahar zan tara su. Mai Sola, in mun yarda, za ka iya zuwa ka auna mana, ka kuma nuna mana yadda za a sa wa kowane shago mitarsa don kada a yi rigima? Injiniya, in da hali ka biyo shi, don ina so a bar hanyar wutar layi a haɗe, kada a cire.

Mai Sola Ahmadu Bello Way:
In sha Allahu zan zo Asabar da safe. Kafin nan kowa ya rubuta mini abin da yake kunnawa da awa nawa, har dutsen guga da hitar ruwa, kada a ɓoye komai. Ku kuma nemi izinin mai ginin a rubuce kafin mu hau rufi.

Maman Hanifa:
In kun je ku tambaya mini ko akwai tukunyar lantarki mai dafa wake da sola za ta iya ɗauka da rana, da nawa take. Mu shida ne a gidanmu masu girki, za mu iya haɗa adashi.